Ina wayar girke ta shiga, kuma ko kiran WhatsApp ya isa ya riƙe ofis?

Tambaya: Wata malama mai makarantar firamare mai zaman kanta a Zariya ta aiko tana cewa, tana yarinya akwai wayar girke a ofishin mahaifinta, mai lamba da ke farawa da 069, amma yau ko a banki da wuya ta ga irinta, alhali a ofisoshin Turai har gobe tana kan tebur. Me ya kashe ta a nan? Sannan tunda yawancin iyayen yara ta WhatsApp suke nemanta, ko za ta iya daina sa katin kira, ta dogara da data kaɗai a lambar makaranta?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya taimaka. Amsar tambayarki ta biyu tana cikin ta farko, don haka ki yi haƙuri mu faro daga baya.

Mutane kan ce salula ce ta kashe wayar girke. A Ingila ko Jamus ana iya faɗin haka. A Najeriya kuwa salula ba ta tarar da wani abin kirki da za ta kashe ba. Lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960, layukan tarho na ƙasar gaba ɗaya ba su kai 20,000 ba. Bayan shekara 40, ana gab da shigowar GSM, layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 120. Ki raba ki gani: layi ɗaya ga mutum kusan 300, kuma kaso mafi tsoka yana Legas da ofisoshin gwamnati da manyan kamfanoni. Mahaifinki yana cikin 'yan ƙalilan da suka samu. Talakan Giwa ko Soba, kai har da mafi yawan mazauna Tudun Wada da Sabon Gari, bai taɓa kara kan waya a kunne ba sai da salula ta zo. Saƙonsa a bakin direban mota yake tafiya, ko a wasiƙa ta gidan waya, ko a filin gaishe-gaishe na rediyo. 'Yan'uwa mazauna Makka da Sudan kuma su naɗo murya a kaset su ba alhazai su kawo.

Dalilin ƙarancin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda abin yake aiki. Kowace wayar girke tana da nata siraran wayoyi biyu na jan ƙarfe, waɗanda ke tafiya daga kan teburin mai ita har cibiyar haɗa kira ta garin, kuma ba ta raba su da kowa. Daga cibiya ake fito da ƙaton kebul mai ɗauke da ɗaruruwan irin waɗannan tagwaye, a binne shi a ƙasa zuwa wani akwatin ƙarfe a bakin titi, daga akwatin a rarraba ta kan falwaya, daga falwaya a sauko wa kowane gida da nasa. Idan tagwayen da ke cikin kebul ɗin unguwarku suka ƙare, ko nawa gare ki sai kin jira an sake haƙa. Idan kuma gida ya yi wa cibiya nisan da ya wuce 'yan kilomitoci, murya ta fara dushewa ke nan. Garuruwanmu kuwa ba jiran kowa suke yi ba wajen faɗaɗa; kafin a gama zanen kebul na wata unguwa, an yanka filaye an gina wata a bayanta.

Ga kuma damina. Ruwa ya shiga ramin da aka haɗa kebul, sai layi ya kama ƙugi, ko ki ɗaga waya ki ji hirar wasu mutum biyu da ba ki sani ba, ko ta mutu murus. Ma'aikaci ya hau falwaya da 'yar wayar gwaji rataye a wuya, yana maƙala ta a tagwaye ɗaya bayan ɗaya, yana kiran cibiya a gaya masa ko ya dace da layin da ake nema. Ɓarayi sun gane jan ƙarfe kuɗi ne, masu aikin titi kuma ba ruwansu da abin da ke ƙarƙashin katafila. Duk wannan nauyi a wuyan kamfani ɗaya na gwamnati yake, wato NITEL, wanda aka kafa a 1985 bayan an haɗe sashen waya na hukumar gidan waya da sadarwa, wato P&T, da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje. Sai an gama kira ake kawo takardar biya, ma'aikatun gwamnati da kansu bashi ya yi musu katutu, kuɗin faɗaɗawa kuma bai taɓa isa ba. Mutum ya cike fom ya yi shekaru yana jiran layi, ba wanda zai yi mamaki.

Amma kada a raina ta, tana da wata baiwa da har yau ba a maye gurbinta ba. Wanda ya taɓa shiga ɗakin batir na irin wannan cibiya ba zai manta ba: manyan batura a jere layi-layi, kowanne sai mutum biyu sun ɗaga, warin asid na dukan hanci, ma'aikaci na bi da gorar ruwan batir yana leƙa kowanne. Daga ɗakin nan ake turo wuta mai ƙarfin bolt 48 ta cikin waɗancan siraran wayoyi har ofishin mahaifinki. Shi ya sa NEPA za ta ɗauke wuta kwana uku, unguwa ta yi duhu ɗuɗum, amma wayar ta yi ƙara. Ki riƙe wannan batu na wuta, za mu buƙace shi a gaba.

A shekarun 1990 an ɗan ɗanɗana salula irin ta da, mai lamba 090, wadda sai wane da wane. Hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ma tun 1992 aka kafa ta. Abin da ya juya lamarin shi ne gwanjon lasisin GSM na watan Janairun 2001, zamanin Obasanjo, Ernest Ndukwe yana shugabantar hukumar. Kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na shekarar, da 0802 da 0803, aka kuma ware wa NITEL nasa lasisin, wanda ya zama M-Tel mai 0804. Farashin farko sai mai hali: sim kaɗai ya kai naira 20,000, minti ɗaya naira 50, kuma ko daƙiƙa biyar mutum ya yi na minti cikakke ake cirewa. Sai da Glo ya shigo a Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, jama'a kuma suka yi yajin kashe waya na yini guda a watan Satumba, sannan sauran suka sauko. Duk da wannan tsada, kafin shekarar 2002 ta ƙare layukan salula sun fi na girke yawa.

Ana yawan cewa ƙarfen sabis ne sirrin wannan gudu, kuma da gaskiya a ciki: a kafa ƙarfe ɗaya cikin 'yan makonni, ya ɗauki dubban mutane ba tare da an ja wa kowa waya zuwa gida ba. Amma ni a ganina katin kira ya fi shi yin aiki, sai dai ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Wayar girke mutum mai adireshi take nema, mai gidan da za a kai wa takarda, mai albashin da za a yarda zai biya a ƙarshen wata. Kati ya share duk wannan. Kamfani ya karɓi kuɗinsa tun kafin a buɗe baki, ba bashi ba rigima. Mai sayar da goro ya sa na ɗari biyu yau, gobe in babu ya zauna a kira shi kyauta. Daga nan sana'o'i suka ɓullo: saurayi a ƙarƙashin lema da tebur da wayoyi biyu, idonsa a kan agogo, yana jiran daƙiƙa ta 59 ya tsinke kira, masu cajin waya da ƙaramin janareta, masu sayar da kati a kowane lungu. Filashin ya zama yare tsakanin mai kati da marar kati, kiran dare na kyauta ya hana ɗalibai barci. Da wayoyin China masu sim biyu suka cika kasuwa, su Tecno da itel, sai ya zama ko a ruga akwai waya. Layuka sun haura miliyan 100 a 2012, miliyan 200 a 2020, kodayake layi ba mutum ba ne, da yawanmu biyu ko uku muke riƙewa, kuma adadin ya sauko sosai a 2024 da aka rufe waɗanda ba a haɗa da lambar NIN ba.

Maƙwabtanmu na Nijar hanya ɗaya suka bi, daga 'yan layukan girke na kamfanin Sonitel zuwa salula a farkon shekarun 2000. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda sabis ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ɗan kasuwar Maraɗi ba sai ya hau mota ba kafin ya san yadda buhun gero yake a Damagaram. Wayar girke ba ta taɓa yin wannan aiki ba, don ba ta taɓa isa kasuwar ƙauye ba.

Ƙarshen NITEL kuwa a taƙaice ne. An yi ta ƙoƙarin sayar da shi ana fasawa, kamfanin Transcorp ya karɓa a 2006 aka janye a 2009, daga ƙarshe aka sayar da kadarorinsa ga NATCOM a kan dala miliyan 252, wanda ya fito da sunan ntel a 2016. A tsakanin nan an yi yayin wayar tebur marar igiya ta su Starcomms da Multi-Links, mai lambar gari amma da iska take aiki, ita ma ba ta jure gasar ba. Yau layukan girke ba su kai kashi 1 cikin 100 na layukan ƙasar ba. Lambobin garuruwa dai suna nan a rubuce: daga Janairun 2024 NCC ta ƙara musu 02 a gaba, Kano ta koma 02064, Zariyarku 02069.

To, wayar da kike gani a teburan Turai fa? Yawancinsu siffar ce kawai ta saura. Igiyar da ke bayanta ba cibiyar haɗa kira take zuwa ba, akwatin intanet take shiga. Faransa ta daina ba da sabon layi irin na da tun 2018, tana shirin rufe layukanta na jan ƙarfe gaba ɗaya zuwa 2030. Birtaniya ta so rufe tsohon tsarin a ƙarshen 2025, ta ɗage zuwa Janairun 2027, kuma babban abin da ya jawo ɗagewar shi ne tsofaffi masu na'urar neman agaji da ke rataye a jikin tsohon layi, wadda ke iya mutuwa idan an sauya tsari ko an ɗauke wuta. Wato su ma kiran intanet suke komawa, a cikin rigar wayar girke.

Yanzu bambancin kiran layi da kiran intanet, don a nan shawararki take. Kiran layi irin na da shatar mota ne. Kin ɗauki mota daga Zariya zuwa Kano ke kaɗai, ko kin cika kujerun ko ba ki cika ba naki ne har a sauka, kuma kuɗin mota gaba ɗaya za ki biya. Kiran intanet kuwa kayan ake ɗaɗɗaurewa ƙulli-ƙulli a kai tasha, kowane ƙulli a jefa shi a motar da ke da wuri, a can a tattara a jera su bisa lamba. Ya fi araha nesa ba kusa ba, tunda ba a ware wa kowa mota ba. Sai dai ba wanda ya yi miki alkawarin duk za su iso, balle su iso tare.

A aikace, tsohon tsari yana ware wa kowane kira hanya mai faɗin kilobit 64 a daƙiƙa daga farko har ƙarshe, ko ana magana ko an yi shiru. Manhajar kira kuwa tana yayyanka muryarki gutsure-gutsure, kowane gutsure kamar kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, ta matse shi, ta aika. Wayar da ke karɓa takan ɗan jira kaɗan don ta jera su. Wanda ya makara watsar da shi ake yi, don ba amfanin harafin da ya iso bayan an wuce kalmarsa, sai manhajar ta yi ƙoƙarin cike giɓin da hasashe. Wannan cikon ne kike ji idan murya ta koma kamar ta inji, ko kalma ta guntule. Jinkiri ma haka: ma'aunin da injiniyoyi ke bi shi ne kada murya ta wuce kimanin kashi 15 cikin 100 na daƙiƙa kafin ta isa kunnen mai saurare. Da zarar ta wuce haka sosai, mu Hausawa mun fi kowa saurin ganewa, saboda gaisuwarmu ba ta da sarari a tsakani. Kin ce ina kwana, kafin lafiya lau ɗinsa ta iso kin riga kin ce ina gajiya, sai ku yi karo, kowa ya yi shiru, sai ku sake farawa a tare.

Idan hanya na da kyau kuwa, kiran intanet ya fi daɗin ji. Tsohon layi iyakarsa sautin da ke tsakanin 300 da 3,400 na ma'aunin hertz, shi ya sa muryar kowa ke fita a shaƙe, manhajojin yanzu kuma suna ɗaukar fiye da haka. Kuɗi ma ba a haɗa ba: kiran murya a WhatsApp bai kai megabait ɗaya a minti ba, wato gigabait ɗaya ya haura minti 1,000. Na bidiyo ne ke lashe data ninki-ninki.

Skype ne ya fara kawo wa talakan duniya wannan hanya a 2003, kuma Microsoft da ya saye shi ya rufe shi a watan Mayun 2025, wanda ya isa ya nuna miki cewa manhaja ma mutuwa take yi. A wajenmu juyin ya zo ne da WhatsApp ya ƙara kiran murya a 2015, sannan a 2016 ya kulle saƙonni da kira ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ke iya buɗewa. Inda ya fi yin tasiri shi ne kiran ƙasashen waje. Uwar da ɗanta ke karatu a Masar ko mijinta ke aiki a Jidda ta daina ƙirga minti. Ko nan ma ba ko'ina ba, don duk ɗan kasuwar da ya je Dubai sarin kaya ya san kiran WhatsApp a toshe yake a can.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: wayar da muka ce mun tsallake ta dawo ta bayan gida. Daga hannunki zuwa ƙarfen sabis ne kawai iska. Daga nan galibi faiba ce, zaren gilashi da haske ke bi ta cikinsa, binne a gefen manyan tituna har Legas, inda kebul ɗin ƙarƙashin teku ke sauka. Kafin 2010 SAT-3 kaɗai gare mu, sannan MainOne da Glo-1 suka zo, wasu suka biyo baya. Ranar 14 ga Maris 2024 guda huɗu suka tsinke lokaci ɗaya a tekun da ke daura da Kwaddibuwa, intanet ya yi ta jan ƙafa a ƙasashen yankin, har da manhajojin banki. Kiran layi daga Samaru zuwa unguwar Kongo a nan Zariya ba ya buƙatar barin ƙasar. Kiran WhatsApp tsakanin unguwannin nan biyu kuwa sai ya fara neman manyan kwamfutocin kamfanin su haɗa ku. Mu na Arewa kuma mu ne a ƙarshen doguwar igiya, duk inda aikin titi ya tsinke faiba a hanya mu ke ji a jika.

Batun wutar nan ma ya juye. Da cibiya ce ke ciyar da waya, yanzu nauyin ya rabu biyu: ke ki nemi caji, kamfani ya nemi dizal da batir na kowane ƙarfe. Ƙarfe ya mutu, kiran layi da data duk sun tafi tare, kamar yadda mutanen Borno da Yobe da Adamawa suka gani a 2013, da na Zamfara a 2021, lokacin da aka kashe sabis saboda tsaro. Don haka kada ki ɗauka WhatsApp da kati a sim ɗaya hanya biyu ce. Hanya ɗaya ce.

Shawarata, Malama, kada ki daina sa kati. WhatsApp ba ya ƙara sai datar mai karɓa a kunne take, iyaye da yawa kuwa sai da dare suke kunnawa, ko in sun samu na saye. Ranar da yaro ya faɗi a filin wasa kina neman uwarsa, kiran layi ne zai same ta. Kakar da ke riƙon jika da ƙaramar waya mai tocila ba ta da hanyar kiranki ta WhatsApp ko kaɗan, kuma har yanzu kaso mai yawa na layukan ƙasar nan a 2G suke. Manhajar ba ta kiran lambar gaggawa ta 112, ba ta kiran wanda ba ya kanta. Inda sabis ya yi rauni har waya ta nuna harafin E, data ta zama suna kawai, amma murya tana wucewa. Ko a 4G, inda wasu kamfanoni suka fara tura kiran layi ƙulli-ƙulli kamar na intanet, abin da ake kira VoLTE, ana ba shi fifiko a kan sauran data, gatan da WhatsApp ba shi da shi. An ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, na sani, amma katin da ofishin makaranta zai ci a wata bai kai asarar kira ɗaya na gaggawa ba. Ki bar WhatsApp ya ɗauki sanarwa da hotunan sakamako da doguwar hira da iyaye, a nan ya fi kowa.

Abin da ya fi damuna a tambayarki ma ba kati ba ne, lambar ce. Wayar mahaifinki ta wuri ce. Duk wanda ke ofis shi ke ɗauka, ma'aikaci ya bar aiki ta tsaya. Salula ta mutum ce, tana binsa gida da kasuwa da wani aikin. Makaranta kuwa lambar wuri take buƙata. Na sha ganin inda aka aiki sakatare ko direba ya sayo sim, aka yi rajista da NIN ɗinsa, aka buga lambar a allo da rasit da rigunan yara, bayan shekaru aka ɓata ya tafi da ita, kuma a takarda shi ke da gaskiya. Kamfanoni suna da tsarin rajistar layi da sunan ma'aikata. Ki je ofishinsu da takardar rajistar makarantar. In hakan ya yi wuya, ki yi da sunanki ke mai makaranta, ki adana kwalin sim ɗin tare da takardun fili. Kada kuma a jefa shi a durowa lokacin dogon hutu a manta, don layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na da ikon mayar da shi kasuwa, wani ya saya ya riƙa amsa kiran iyayen ɗalibanki. Idan sabis ɗin kamfanin ne bai yi miki ba, tun 2013 ana iya sauya kamfani a riƙe lamba, ba sai an sake fentin allo ba.

Sim ɗin ki sa shi a wayar tebur mai cin sim, irin wadda ake samu a kasuwannin waya. Batirinta na daɗewa, eriyarta ta fi ta ƙaramar waya jan sabis a cikin gini, ba ta shiga aljihu balle a tafi da ita, kuma idan an tashi an rufe ofis, an rufe. Ki rubuta lokutan amsa kira a ƙarƙashin lambar, in ba haka ba za a tashe ki ƙarfe sha ɗayan dare a tambaye ki ko gobe akwai makaranta. Ana iya buɗe WhatsApp na kasuwanci da wannan lamba a wata babbar waya ta ofis, lambar tabbatarwa ta shigo ta wayar tebur, sannan a jona na'urori har huɗu, kamar kwamfutar mai karɓar kuɗi, ba tare da kin ba kowa sim ba.

Ranar da kika buɗe, kafin ki aika saƙo ko ɗaya, ki shiga saiti ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Kulle kira da WhatsApp ke yi yana hana a saurare ki a hanya, amma ba ya hana a yaudare ki. Salon da aka fi yi wa masu makarantu da ƙungiyoyi shi ne wani ya kira da ladabi, ya ce daga zauren iyaye yake ko daga ma'aikatar ilimi, za a yi taro ta intanet, an turo miki lambobi shida ki karanto masa a sa sunanki. Kina karantawa ya kwashe asusun, ya shiga zauren iyaye da sunan makaranta yana neman a tura kuɗi. Duk wanda zai riƙe wayar ki gaya masa da baki: lambobin nan shida ba a karanta wa kowa su. Haka nan lambar da ke bayyana a fuskar waya ba shaida ba ce, tunda kiran da ya biyo ta intanet ana iya sa masa lambar da ba tasa ba.

Ki kuma ajiye layi na biyu na wani kamfani daban, ko da naki ne na hannu, ki ba iyaye a matsayin na ko-ta-kwana. Kafin ki zaɓa, ki zagaya cikin ginin makarantar da wayoyin malamai ki ga wane sabis ne ke shiga ofis da azuzuwan baya, don taswirar kamfani ba ta san kaurin bangonki ba.

Idan Allah ya buɗa makarantar ta girma, aka samu sashen sakandare da ofisoshi da yawa, sannan ne lambar gari irin 02069 za ta yi ma'ana. Kamfanoni masu lasisin NCC suna bayar da ita ta intanet, lamba ɗaya ta ɗauki kira da yawa a lokaci guda, a tura wannan wajen shugaba wancan wajen mai kuɗi. Sai dai ta kan intanet ɗin makarantar za ta hau, don haka kafin ki nema ki tabbatar akwai faiba ko wata tsayayyiyar hanya a unguwar, da sola ko inbata da za ta riƙe akwatin intanet da wayoyin tun daga safe har a tashi.